Shuka da Renon Wake a Ƙasar Rano da Kibiya

5.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an dubi noma a dunƙule a matsayin babbar sana'ar Bahaushe. Wannan babi zai tsaya ne a kan amfanin gona guda ɗaya, wato wake, ya bi shi tun yana ƙwaya a cikin tulu har zuwa ranar da mata za su shiga gona yin roro. Ɗalibi zai iya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da shukar wake? Amsar tana cikin wani abu da ya faru a gaban marubucin wannan babi, lokacin da ya je duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a wata firamare ta karkara. Ɗalibin malanta ya rubuta a allo cewa, "Manomi ya yanke wakensa da lauje ya ɗaure dami-dami ya kai rumbu." Aji ya yi tsit, sai wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai harawa ake yankewa, wake roronsa ake yi." Jimlar ba ta da aibi ta fuskar nahawu, amma wanda ya gina ta bai san aikin da take magana a kai ba. Daga wannan lokaci har aka tashi, yaran ba su sake sauraronsa da kunnen da suka fara ba.

Mafi yawan waɗanda za su karanta wannan littafi a irin waɗannan makarantu za su fara aiki, a gaban 'ya'yan manoma. Saboda haka ake buƙatar su san aikin tare da kalmominsa.

5.1 Ƙasar Rano da Kibiya

Rano tana kudu da birnin Kano, kuma tana cikin garuruwan Hausa Bakwai. A labarin rabon ayyuka na 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato shukar da marina ke rini da ita. Masana tsirrai sun sanya baba da wake da gyaɗa da gujiya a dangi ɗaya, na tsirran da ke zuba 'ya'yansu a cikin ƙwanso. Kibiya tana gabas da Rano, da garuruwa irin su Tarai da Fammar da Durba. Ƙasa ce mai duwatsu, gonaki na kwance a tsakaninsu, akwai jigawa akwai jangargari, ga kuma fadamu nan da can. Ruwan sama ya ɗan fi na arewacin jihar yawa da daɗewa, shi ya sa dawa da masara ke samun wuri tare da gero. Ta wajen Rurum kuma akwai madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974, ita ce ke shayar da gonakin rani na Bunkure da Kura da Kadawa.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wannan wake, Jamhuriyar Nijar na biye da ita. Buhun da ya tashi daga ƙauyen Kibiya kan bi ta kasuwar mako ya faɗa Dawanau, daga can kuma ya nufi kudancin ƙasa.

5.2 Iri

Shukar wake ba a gona take farawa ba. Tana farawa ne tun kakar bara, ranar da manomi ya keɓe abin da zai ajiye. Kalmar "iri" a nan tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma ya kamata malami ya rarrabe su ga ɗalibansa. Akwai iri da nufin ƙwayar da aka ajiye domin shuka, kamar a ce, "Yunwa ta sa sun cinye irinsu." Akwai kuma iri da nufin nau'i, kamar a ce, "Wane irin wake ka shuka bana?"

Ta fuskar nau'i, manoman ƙasar Kano sun daɗe da sanin kanannado, farin wake mai manyan ƙwayoyi, mai yaɗo sosai, wanda ba ya nuna sai ƙarshen kaka, kuma yana ba da harawa mai yawa. Akwai ɗan'ila wanda ya fi shi saurin nuna. Sai kuma sababbin nau'o'i da suka fito daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da cibiyar IITA mai reshe a Kano da gonar gwaji a Minjibir. Da yawa daga cikinsu a tsaye suke girma ba sa yaɗo, wasu kuma kan nuna cikin kwana 60 zuwa 70. A takarda sunayensu lambobi ne, amma da zarar sun shiga ƙauye sai manoma su raɗa musu suna na Hausa, ko don sauri, ko don launi, ko don wanda ya kawo su. Tattara waɗannan sunaye daga kasuwa zuwa kasuwa aiki ne da ke jiran ɗalibin Hausa mai himma.

Ajiyar iri ita ce wuri mafi wuya, domin wake yana da maƙiyi da ke biyo shi tun daga gona. Wani ɗan ƙwaro ne ke nasa ƙwai a jikin ƙwanso ko ƙwaya. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta huda ta shige ciki, ta ci ta girma, bayan mako uku zuwa huɗu ta fito a matsayin sabon ƙwaro, ta bar ɗan rami zagayayye. Shi kuma ya sake nasa nasa ƙwan. Idan ba a yi wani abu ba, waken da aka ajiye a watan Nuwamba kafin damina ta faɗi ya koma huji da gari. Magabata sun yi dabaru: wasu su bar shi a cikin ƙwansonsa, wasu su cuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka ko lallausan yashi su zuba a tulu su liƙe bakin da laka. Hikimar duka ɗaya ce, a toshe wa ƙwaron hanya a kuma rage masa iska. A kan wannan hikima aka gina buhu mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka soma yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Idan an busar da wake sarai aka ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwaron kan mutu don rashin iska ba tare da an zuba magani ba.

Batun magani kuwa yana buƙatar a tsaya a kansa. Wasu kan zuba wa wake maganin feshin gona kai tsaye don ya daɗe a ajiye. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa ta wuce ƙima. Wannan asarar kasuwa ce, amma ta cikin gida ta fi ta muni, tunda waken da aka hana shiga Turai bai fi wanda ake yi wa yara ƙosai da alale haɗari ba. Haka kuma irin da aka saya an riga an shafe shi da garin magani mai launi, na shuka ne kawai, ba a dafa shi ba a ba dabba. Malamin da zai kawo iri cikin aji lalle ne ya san wanne ya kawo.

Gab da shuka sai a baje iri a faifai a tsince. A fid da mai huji da mai yamutsattsen ɓawo da fasasshe da wanda launinsa ya saɓa. Karin maganar nan da ke cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, daga irin wannan tsinta ta samo asali, ko da yake ita tsintar ɗaki take nufi, ta masu niƙa. Wanda ke shakkar irinsa yana iya gwada shi: ya ƙirga ƙwaya 100, ya jera a kan jiƙaƙƙen tsumma, ya rufe da wani, ya riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar ya ƙirga waɗanda suka tsira. Idan sun kai kamar 85, iri ya yi kyau. Idan rabi ne kawai, gara ya nemi wani tun kafin ya yi asarar ruwan shuka.

5.3 Lokacin Shuka da Yadda Ake Yin Ta

Gero ake fara shukawa da ruwan farko, wani lokaci ma a yi masa binne, wato a shuka shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Wake ba a cika yi masa haka ba. Yana son ƙasa ta sha ruwa sosai, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa, saboda haka jigawa da jangargari sun fi masa fadama mai laka.

A tsarin gargajiya ba a ware wa wake gona. Bayan gero da dawa sun tashi an yi musu noman firi, sai a bi tsakaninsu a jefa wake, galibi a cikin watan Yuli. Yana nan a inuwa yana rarrafe a hankali har a girbe gero, sannan ya samu rana da fili ya baje. Akwai kuma tsarin gicci, inda ake jera hatsi a layuka masu nisa da juna a gicciye, a bar tsakiya ga gyaɗa ko wake. Masu bincike sun kawo wani tsari na layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, domin wake ya samu haske a kuma ji daɗin yi masa feshi.

Me ya sa ba a gaggauta shuka kanannado? Dalilin yana da ban sha'awa. Irin wannan wake ba yawan kwanakin da ya yi a ƙasa ne ke sa shi fure ba, tsawon dare ne. Ba zai yi fure ba sai rana ta soma gajarta dare ya soma tsawo, wato daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Wanda ya shuka shi a farkon Yuni da wanda ya shuka a ƙarshen Yuli kusan tare za su ga fure, sai dai na farkon ya tara yaɗo da ganye har ya nemi danne hatsi. Idan furen ya zo ruwa ya ɗauke ko yana shirin ɗaukewa, sai waken ya ƙarasa da sauran laimar ƙasa da raɓar kaka, ƙwanso ya bushe a rana ba tare da ya ruɓe ba. Manomin da bai taɓa auna tsawon dare da agogo ba ya gaji irin da ke yi masa wannan lissafi.

Sababbin nau'o'i masu sauri ba su da wannan hali, kwanakinsu kawai suke ƙirgawa. Saboda haka lissafin ya dawo kan manomi, kuma daga baya ake yin sa. Idan ana sa ran ɗaukewar ruwa a farkon Oktoba, kuma iri na kwana 70 ne, sai a ja baya a ga cewa shuka ta faɗa wajen ƙarshen Yuli. Wanda ya shuka shi a Yuni zai ga wakensa ya nuna a tsakiyar marka, ruwa na dukan ƙwanso, ya yi baƙi ya ruɓe, ko ƙwayar ta tsira tun tana sama. Wanda ya kai ƙarshen Agusta kuma ruwa zai bar shi yana cikin fure. A gonakin rani akan shuka wake idan sanyin hunturu ya soma sassautawa, wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, domin sanyi na hana shi tsira da wuri.

Ita shukar kanta aikin mutum biyu ce. Na gaba yana tafe da sungumi yana sara a kan kunya, na baya, sau da yawa yaro ko mace, yana jefa ƙwaya biyu ko uku a kowane rami yana rufewa da diddige. Zurfin ramin kada ya wuce santimita 3 zuwa 5, kamar gaɓa biyu na yatsa. In ya yi zurfi tsiro zai gaji kafin ya fito, in ya yi sama-sama kurciya da ɓera za su tone. Wake mai tsayuwa akan ba shi tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da kamar 20 zuwa 25 tsakanin rami da rami, kuma hekta ɗaya ta wake zalla kan ci iri kilo 20 zuwa 25. Mai yaɗo yana buƙatar fili fiye da haka.

5.4 Daga Tsiro Zuwa Yaɗo

Cikin kwana uku zuwa biyar ƙasa za ta tsage. Abin da ke fara leƙowa kara ne a lanƙwashe kamar ƙugiya, yana jawo ɓari biyu na ƙwayar zuwa sama. Waɗannan ɓari biyu su ne guzurin tsiron, yana tsotsar su har su yamutse su faɗi. Ganye biyu na farko ɗaiɗai ne suna fuskantar juna, na bayansu kuwa uku-uku suke fitowa a kan sanda ɗaya. Bayan mako ɗaya manomi kan zaga ya cike gurbin da bai tsira ba, bayan mako biyu ya rage inda suka yi yawa ya bar biyu. A nan ne kuma ake yin noman firi, sai maimai bayan mako biyu ko uku. Da zarar wake ya rufe ƙasa shi da kansa yake danne ciyawa, kuma shiga da fartanya a lokacin fure kakkaɓe furen yake yi.

Idan aka tumɓuke wake mai wata ɗaya a hankali, za a ga wasu ƙananan ƙulalai manne da saiwarsa. Ba cuta ba ce. Gidaje ne na wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. A fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki. Wannan shi ne asirin abin da manoma suka daɗe da lura da shi, cewa dawar da ta gaji wake a gona ta fi kyau. Shi ne kuma dalilin da ya sa wake ba ya buƙatar yuriya mai yawa. Wanda ya zabga masa ita zai sami ganye kore shar da 'ya'ya kaɗan. Takin supa ya fi masa amfani, da takin gargajiya da ya ruɓe.

5.5 Fure da Maƙiya

Daga fure, wanda wasu ke kira huda, har zuwa roro, wake a cikin yaƙi yake. Darɓa kan lulluɓe ƙananan rassa. Wasu mitsi-mitsin ƙwari kan shige cikin fure su sa shi zubewa. Mafi ɓarna ita ce tsutsar wani ɗan malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, wadda ke cin fure ta kuma huda ɗanyen ƙwanso. Malaman gona kan ba da shawarar feshi sau biyu ko uku, daga lokacin da fure ya soma ɗaurawa. A Disambar 2019 aka amince da wani iri mai suna SAMPEA 20-T daga Samaru, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kare kansa daga wannan tsutsa. Ba ya kare kansa daga darɓa ko ƙwaron ajiya, kuma akwai masu goyon bayan irin wannan fasaha da masu ɗari-ɗari da ita. Aikin malamin Hausa a nan shi ne ya iya bayyana hujjar kowane ɓangare da Hausa mai kyau, wannan ma batu ne da ya dace da muhawarar aji.

A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai ƙuduji, wanda ke manne wa saiwa yana tsotse ta. Kafin a gan shi a sama, wake ya riga ya yi rawaya ya tsumbure. Ana tumɓuke shi kafin ya zuba 'ya'ya, domin ƙwayarsa kan yi shekaru a ƙasa tana jira. Akwai nau'o'in da ke jure masa, kamar SAMPEA 10.

Idan ƙwanso ya bushe sai roro, sau biyu ko uku, tunda ba tare yake nuna ba. A shanya, a buga, a sheƙe. Ɓawon ya zama abincin dabba, karan da ganyen a yanke tun da sauran kore a naɗe su harawa a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki. A bazara, mai tumaki ya san darajarta.

5.6 Wani Ɗan'uwan Wake a Ƙasashen Sanyi

A Ingila da wasu ƙasashen Turai akwai wani tsiro na wannan dangi da ake shukawa don furensa kawai. Masana na kiransa Lathyrus odoratus. Asalinsa tsibirin Sisili ne na Italiya, kuma wani malamin coci mai suna Francesco Cupani ne ya aika da irinsa Ingila a 1699. Akan shuka shi a tukwane da kaka ko a ƙarshen hunturu, a tsinke kan tsiron don ya yi rassa, a kafa masa sanduna ya hau. Ɓarin ƙwayarsa a ƙasa suke zama, ba sa fitowa kamar na wakenmu, kuma ba ya jure zafi irin na Rano. Mai lambun can kullum cikin tsinke furen yake don kada ya zama ƙwanso, domin da ya yi 'ya'ya sai ya daina fure. Abin da manomin Kibiya ke sayen magani don ya tsare, shi wancan yake tsinkewa ya sa a kwalba.

An kawo shi nan ne saboda tarkon da ke cikin sunansa ga mai fassara. Kalmar da Turawan Ingila suka siffanta shi da ita tana ɗaukar ma'anar zaƙi, tana kuma ɗaukar ma'anar daɗin ƙanshi. Ƙanshin ake nufi. Wanda ya fassara shi da "wake mai zaƙi" ya gayyaci mai karatu ya ci, alhali ƙwayarsa tana da guba. "Furen wake mai ƙanshi" ya fi kusa da gaskiya.

5.7 Kai Darasin Cikin Aji

Babbar matsalar gonar makaranta ita ce lokacin shukar wake yana faɗawa daidai da dogon hutu. A shuka a Yuli, a dawo a Satumba a tarar awaki sun riga kowa. Mafita ita ce gwangwani. Kowane rukuni na yara ya samo gwangwanin madara ko gindin robar ruwa, a huda ƙasansa, a cika da ƙasar gona, a shuka ƙwaya uku na waken da ba shi da magani, a ajiye a bakin taga. Kowace safiya yaro ɗaya ya faɗi abin da ya gani, sauran su rubuta jimla biyu. Cikin mako biyu sun yi amfani da lokutan aiki uku ba tare da an tilasta musu hadda ba: jiya ƙasa ta tsage, yau tsiro yana miƙewa, gobe ganye zai buɗe. Daga waɗannan jimloli za a gina insha'in bayani.

Ƙa'idojin rubutu ma suna nan a cikin gwangwanin. "Huda" da "huɗa" ƙugiya ɗaya ce ta raba su, amma ɗaya fure ne ko ɓula abu, ɗaya kuwa aikin garma. Sai aikatau na kaka, kowane amfani da nasa: ana girbin gero, ana roron wake, ana tonon rogo, ana yankan harawa. Yara su tambayo iyayensu da kakanninsu sauran, malami ya rubuta a allo duk abin da suka kawo, har da wanda bai taɓa ji ba, ya tambayi wanda ya kawo shi a wane gari ake faɗar haka.

Jinga

1. Bayyana ma'anoni biyu na kalmar "iri", ka sanya kowace a cikin jimloli uku.
2. Me ya sa manomi ba ya gaggauta shuka kanannado, kuma ta yaya lissafin iri mai kwana 70 ya bambanta da nasa?
3. Ziyarci mai sayar da wake a kasuwar da ta fi kusa da kai, ka rubuto sunayen nau'o'in da ke gabansa da dalilin kowane suna kamar yadda ya faɗa maka.
4. Tsara darasin minti 35 ga aji biyar na firamare a kan tsirowar wake, ka nuna kalmomi goma da kake son yara su fita da su.